Jan Magani a Tabar Gidaɗo

Khalilu bai yi sallama ba, abin da ya fara faɗar wa Laraba da gaba ke nan. Tana durƙushe tana kankare tukunyar tuwon jiya sai inuwar mutum ta faɗo mata a hannu. Ta ɗaga kai, ga shi tsaye a bakin zana, sandarsa gicciye bisa kafaɗu. Mutumin da ya girma yana shigowa gidan nan yana cin rogo da ƙuli, yana ce wa maigidan Baba Na'Allah, yau ya tsaya nesa kamar gidan yana wari.

"Ina Na'Allah?" in ji shi. Ko Baban bai sa ba.

Na'Allah ya fito daga ɗaki da lofensa a baki. Shekarar da aka gama yaƙin basasa ce, cikin bazara, zafi tun da sassafe ya fara dafa mutane. Ƙauyensu yana kan hanyar Rijau, tafiyar wuni ce daga Kontagora ga mai ƙafa, kuma duk wanda ya san ƙauyen ya san abotar Na'Allah da Gidaɗo, mahaifin Khalilu. Kowace kaka Gidaɗo yakan sauke rugarsa a gonar Na'Allah, shanu su ci kara su bar taki. Takin nan ne ya sa tabar Na'Allah ta fi ta kowa ƙarfi. Shi kuma da zarar sun sauka sai ya kai wa abokinsa jakar fata cike da taba gari, wadda matarsa Laraba ta daka da kanwa da hannunta. Gidaɗo ba ya shan lofe, a leɓe yake gumtse tabar daga safe har yamma.

"Baba ba ya iya riƙe ƙwarya," in ji Khalilu. "Hannu rawa, baki rawa, miyau yana zuba. In ya miƙe sai tangaɗi kamar mashayi, mutumin da bai san ƙofar gidan giya ba. An yi rubutu, an jiƙa saiwa, kullum abin gaba yake yi. To, tuwonmu ɗaya, nononmu ɗaya, rijiyarmu ɗaya. Abu guda ne yake sa wa bakinsa shi kaɗai a rugar nan, daga gidan nan kuma ya fito."

Na'Allah ya cire lofen daga baki. "Faɗi kai tsaye, Khalilu. Me kake nufi?"

"Kai ka ce za mu gani. Ga shi mun gani."

Maganar nan kuwa an yi ta. Farkon kaka shanun Khalilu sun faɗa gonar rogo, aka yi cacar baki, Na'Allah ya ce za ku gani. Shi Na'Allah haka bakinsa yake, ko da akuyarsa yake faɗa sai ya ce mata za ta gani, kuma har yau ba a sami akuyar da ta ga komai ba. Washegari ma ya manta. Amma magana in ta fita ba ta tambayar mai ita ko ya manta.

"Ni?" in ji Na'Allah. "Ni zan sa wa Gidaɗo magani? Kawo Littafi in dafa!"

"Littafinka ba namu ba ne. Namu kuma ba ka taɓa shi."

Nan fa aka tsaya. Na'Allah Kirista ne, ya bar rantsuwar tsafin kakanninsa tun yana saurayi, su kuma mutanen ruga Musulmi ne. Babu rantsuwar da za ta gamsar da kowa. Na'Allah kuwa mutum ne da ya fi son a ce ya mutu da a ce ya ci amana, sai ya buga ƙafa a ƙasa.

"To tabar ce za ta yi rantsuwa. Koma ka gaya musu ina zuwa. Zan zauna a rugarku in gumtsi tabar nan a gabanku, yau da gobe da jibi, har jakar ta ƙare. In da abu a ciki, ya kama ni."

Khalilu ya dube shi, ya juya ya tafi.

Na'Allah ya shiga ɗaki ya ɗauko rigarsa ta Lahadi, don ba zai je a tuhume shi cikin tsumman gona ba. Laraba ta leƙa ta gan shi yana fama da maɓalli, yatsunsa suna ta kuskuren ramin. Kwanakin nan haka yake, ya zubar da kunu, ashana ta faɗi daga hannunsa, har tana tsokanarsa wai tsufa ya yi sallama. Yau ta ɗauka fushi ne. Ta ɓalle masa rigar, ta nufi ɗakin taba don ta ɗebo ƙwai, tunda ba a zuwa gaida mara lafiya hannu biyu.

Ɗakin taba abin alfaharin Laraba ne. A da ƙwaro ne babban abokin gabarta, ɗan ƙanƙanin abu mai launin ƙasa da ke shiga busasshen ganye ya mai da shi rariya. Bana kuwa ko ɗaya babu. Ba ƙwaro kaɗai ba, ɓera ya daina zuwa, gizo-gizo ya daina saƙa, tsakar da ke yawo a bango ma ta ɓace. Kaji sun ɗan mutu mata, amma wace bazara ce kaji ba sa mutuwa?

Jar kazar da ke ƙwai a cikin kwandon ɓarɓashin taba ta ji motsi ta sauko. Ta yi taku biyu ta kife, ta tashi, ta yi gefe kamar ana jan ta da igiya. Kanta yana karkarwa, ruwa yana ɗiga daga bakinta.

Laraba ta tsaya da ƙwai a hannu. Hannu rawa, baki rawa, tangaɗi kamar mashayi.

Ta miƙa hannu saman katanga ta sauko da gwangwanin. Kafin daminar bara malamin gona ya tara maza a gindin ɗorawa ya raba musu wani jan gari da za a cuɗa da iri kafin shuka. Duk bayanin da ya yi maza ne suka ji, don ba a kira mata ba. Abin da ya iso gida a bakin Na'Allah bai wuce wannan ba: "Magani ne, ƙwaro ba ya kusantarsa." Aka yi shuka, gari ya ragu da yawa. Ita kuwa Laraba a saninta magani shi ne abin da ake ba mutum ya warke. Da aka shanya taba ta bushe sai ta riƙa barbaɗa garin tsakanin ganye, launinsa ya saje da na taba kamar don ita aka yi shi. Da ta zo daka ta Gidaɗo kuma sai ta ƙara da hannu sake, saboda tabarsa za ta daɗe a jaka, za ta yi tafiyar damina, kuma babban baƙo ba a yi masa ƙwauro.

A jikin gwangwanin akwai zanen wani kai mai manyan idanu da haƙora a waje. Tun farko ta ɗauka kan biri ne, har ta yaba wa masu maganin da suka tuna da birai, don su ma ɓarnar gona suke yi. Yanzu ta kai shi bakin ƙofa inda haske yake ta sake dubawa. Ba biri ba ne. Kan mutum ne wanda nama ya bari.

"Laraba! Rana tana yi!" in ji Na'Allah daga waje.

Ta ƙulle gwangwanin a bakin zane, ta tura ƙullin ciki, ta fito. Ƙwan ma ta manta da su.

Suka kama hanyar gona, shi a gaba ita a baya. Na'Allah Badukke ne, ita Bakambara ce daga wajen Auna, ba wanda ke jin yaren wani. Da Hausa suka yi zance, da Hausa aka ɗaura musu aure a coci, da ita suke faɗa suke shiryawa. Hausar Laraba ta kasuwa ce da ta murhu, tana isar ta ciniki da gaisuwa, amma ba ta da lunguna. A yarensu da ta san yadda za ta kewaya ta ɗauko zancen tun daga ƙwaro. A Hausa kuwa duk inda ta juya kalma ɗaya take tararwa: na sa magani. Kowa ya san abin da ake nufi in an ce mace ta sa wa mutum magani a abin ci. Ta san akwai wata kalmar, guba, amma wanda ya ce ya sa guba ai ya gama yanke wa kansa hukunci.

Ta kuma san abin da ke biyo baya. Tana yarinya akwai wata mata a unguwarsu da aka ce ta sa wa ƙanin mijinta magani. Ba a doke ta ba, ba a kai ta gaban alƙali ba, abincin hannunta kawai aka daina ci. Mijin ya daina, 'ya'yanta suka daina, in ta ɗebo ruwa ba mai sha. Haka ta tsufa tana dafa ɗan tuwonta ita kaɗai a bayan rumbu. Laraba ta fi tsoron wannan da sandar Khalilu.

Ta ƙara sauri ta cim masa. Ta kira shi da sunan ɗansu na fari, yadda ta saba. "Baban Markus, tsaya ka ji. Maganin nan..."

Ya juyo kamar an ɗana masa wuta. "Kada in ƙara jin kalmar nan a bakinki yau! Kin san inda za mu? Ko iska ta kai musu ita, an gama da mu. Ki ja bakinki ki yi gaisuwa, shi ke nan."

"Amma kada ka sa tabar a baki."

"Au, ke ma?" Ya dube ta har ta sunkuyar da kai. "Ke ma kina shakka ta?"

Ya wuce. Ta bi shi, gwangwanin yana bugun cinyarta a kowane taku.

Rugar tana can ƙarshen gona inda karan dawa ya ƙare. An kora shanu kiwo amma mazan ba su bi su ba, suna zaune a inuwar kirya, kowa da sandarsa kwance a cinya. Aka amsa gaisuwar Na'Allah a taƙaice. Hadijatu, matar Gidaɗo, wadda kullum take tarar Laraba da "ƙawa, ƙawa" da ƙwaryar kindirmo, yau ko ido ba ta ɗaga ba. Tana zaune a bayan mijinta ta tallafe shi, tana share masa baki da gefen mayafi.

Sai Laraba ta ga Gidaɗo. Dogon mutumin nan mai tafiya kamar ba ya taka ƙasa ya koma abin tausayi. Hannuwansa suna bisa gwiwa suna ta kaɗawa, ba ya iya tsai da su. Ya ga Na'Allah, ya yi ƙoƙarin magana, harshe ya ƙi. Da ƙyar aka gane abin da ya ce: "Aboki... ba ni na ce ba."

"Na sani, aboki," in ji Na'Allah. Ya zauna a ƙasa a gabansa. "Khalilu, kawo jakar."

Aka kawo. Ko rabinta ba a ci ba, sauran tana nan jawur, ƙamshinta ya tashi. Laraba ta gane ɗaurin bakin jakar, nata ne. Ta dubi yawan tabar, ta dubi Gidaɗo, ta tuna hannunta yana barbaɗa garin yana ƙarawa. Zuciyarta ta ce mata ta yi shiru. Wataƙila gumtsa ɗaya ba ta kisa. Wataƙila da yamma ta samu ta sace jakar ta jefa a rafi. To in jakar ta ɓata me za su ce? Kuma ta san mijinta, ba ɗan tsunkule zai ɗiba ba, cika baki zai yi don kowa ya gani, ya tofar ya sake cikawa.

Na'Allah ya tura hannu cikin jakar ya ɗebo da yatsu uku. Ya ɗaga zai kai baki, sai tabar ta fara zubewa a kan rigar Lahadi. Hannun rawa yake yi. Ya mai da shi, ya sake ɗiba, ya sake zubarwa.

"Kun gani?" in ji Khalilu a hankali. "Tsoro ya kama shi."

Mazan suka gyara zama. Laraba kuwa ta san ba tsoro ba ne. Ta taɓa ganin mutumin nan ya kashe kububuwa da fartanya yana waƙa. Ta dubi hannunsa, ta dubi na Gidaɗo da ke kusa da shi, ta tuna kunu da ashana da maɓalli. Ganyen da yake marmasawa a lofensa tun kaka daga ɗakin nan nata yake fitowa. Ashe tsufan da take tsokanarsa da shi ita ta barbaɗa masa.

Ya dunƙule hannu ya cika shi da taba, ya dafe gwiwar hannun da ɗayan don ya tsaya, ya buɗe baki.

Laraba ba ta san lokacin da ta tsallake tabarmar maza ba. Ta dai ji wuyan hannunsa a cikin nata, yana karkarwa kamar ɗan tsako.

"Kada ka ci! Na sa magani. Ni na sa."

Khalilu ya miƙe, sandarsa ta riga shi tashi. Wani dattijo ya riƙe masa riga. Na'Allah bai ƙwace hannunsa ba, bai kuma dube ta ba, ƙasa ya zuba wa ido, tabar tana tsiyaya ta tsakanin yatsunsa.

Hadijatu ce ta fara magana, muryarta a bushe. "Wane boka ya haɗa miki?"

"Ba boka ba ne." Laraba ta kwance bakin zane da hannu ɗaya, gwangwanin ya faɗo ya gangara tsakiyar mutane, murfin ya buɗe, jan garin ya zube. "Na iri ne. Na shuka. Aka ce magani, ƙwaro ba ya zuwa. Ni na ce magani ne, zai tsare taba. Tasa na sa da yawa, don... don shi babba ne, don ta daɗe masa." Hausar ta watse mata, tana cewa ya inda ake cewa ta, hawaye yana shiga bakinta.

"Ƙarya take yi," in ji Khalilu. "An kama su ne, ta kawo gwangwani."

"To ku duba!" Ta ja hannun Na'Allah da ƙarfi ta ajiye shi a gwiwar Gidaɗo, gefe da gefe da nasa. "Ku duba da idonku. Shi ma na sa masa. Tun kaka yake sha. Uban 'ya'yana ne!"

Suka duba. Hannu biyu, ɗaya fari siriri, ɗaya baƙi mai kanta, suna rawa iri ɗaya, na Gidaɗo da ƙarfi, na Na'Allah a hankali kamar mai koyo. Na'Allah ma ya dubi hannun nasa kamar yau ya fara ganinsa. Dattijon ya sa bakin sanda ya juya gwangwanin har zanen ya fuskanci sama, ya ja salati.

"Akwai matan da ke farawa da mazansu," in ji Hadijatu. Ta daɗe tana kallon Laraba. "Amma ban taɓa jin wadda ta zo ta riƙe masa hannu ba." Ta juya ga ɗanta. "Khalilu, ajiye sandar nan ka kamo takarkari. A kai shi bakin hanya, ko Allah zai kawo motar Rijau. Asibitin Kontagora za a je, da gwangwanin, a nuna musu. Su biyun za a kai."

Ba ta ce ƙawa ba. Laraba ta lura, ta kuma san ba za ta sake jin kalmar daga bakin nan ba.

Aka ɗora Gidaɗo bisa sa, mutum biyu suna riƙe da shi. Rana ta take tsaka kafin su kai bakin hanya. Suka zauna a inuwar wani maɗaci suna jira, mutanen ruga a gefe ɗaya, Na'Allah a tsakiya, Laraba can nesa ita kaɗai, inda ta ga ya dace da ita yanzu. Tun da ta yi maganar, mijinta bai ce mata uffan ba. Ta gan shi ya laluba aljihu ya fito da lofe, ya dube shi, ya ajiye a ƙasa. Ta fara tunanin hanyar Auna, da wanda zai karɓe ta a can, da wanda zai riƙa yi wa yara tuwo.

Hadijatu ta tsiyayo ruwa daga gora ta shayar da mijinta, ta sake cika ƙwaryar ta miƙa wa Na'Allah. Ya karɓa da hannu biyu. Kafin ta kai bakinsa rabin ruwan ya zube a ƙirjinsa. Ya sauke, ya sake gwadawa, ya sake jiƙa rigar. Dattijon ya matso zai riƙe masa, Na'Allah ya girgiza kai.

"Laraba," ya ce, da ƙarfi yadda kowa zai ji. "Zo ki riƙe mini."

Ta taso. Duk idanu suna kanta, har na Khalilu. Ta durƙusa a gabansa, ta karɓi ƙwaryar ta kai masa baki. Haƙoransa suna bugun gefenta ƙwas-ƙwas, ruwa yana bin gemunsa, amma bai ɗaga kai ba sai da ya shanye.

"Ƙaro," in ji shi.